Mai Jan Kiɗa Baya

Tafi bai gama lafawa ba Lindsay Brereton ya riƙo hannun rigar Noeleen, ya ja ta zuwa lungun da ake jibge kujeru a bayan mashayar Dunleavy. Saksofon ɗinsa, ƙahon da yake busawa, na lilo a ƙirji, fuskarsa ta yi jajir.

"Tokyo," ya ce. "Jiya suka kira."

"Wa ya mutu a Tokyo?"

"Mu ne muka tashi daga kabari. Wani kamfani ya sake buga faifanmu na farko, samarinsu sai rububinsa suke yi. So suke mu je mu zaga birane, mu buga musu shi daga farko har ƙarshe." Ya tsaya ya ja numfashi. "Yadda yake a faifan, Noeleen. Da saurinsa."

Ta leƙa ta ƙofa. A kan ɗan dandamalin, Merv Tattersall yana kwance kugen gangunansa yana zura su a jaka, yana tsokanar Voula mai fiyano a kan ƙungiyar ƙwallonta da aka lallasa jiya. Hasken la'asar ya faɗo ta taga ya sauka a sanƙonsa.

"Merv yana ja," in ji Lindsay. "Kin fi kowa sani. 'Tiram na Ƙarshe' da muka buga yanzu, a faifai gudu yake yi. Yau kuwa kamar ana rakiyar gawa."

Noeleen Pascoe ba ta musa ba. Ita ke riƙe da bas, ƙaton gogen nan da ake kafawa a ƙasa ana fizgar tsirkiyarsa da yatsu, kuma mai bas da mai ganga ƙafa biyu ne na mutum ɗaya. In ɗaya ta fara ɗingishi, ɗayar ce ke fara ji. Ta daɗe tana jin Merv yana zamewa baya kaɗan-kaɗan, ita kuma tana jingina tana tare shi. A sana'arsu ba a faɗa wa mutum da baki cewa ya rage gudu. Kunne ake sawa. In ka ji ɗan'uwanka ya yi baya, sai ka koma inda yake, don kada 'yan kallo su ji ɓaraka.

"Na yi magana da wata yarinya, Tui Parata," in ji Lindsay. "Ranar Laraba za mu gwada ta a gidan Voula. Wakilin kamfanin, Mista Horiguchi, zai zo nan Lahadi mai zuwa ya saurare mu. Kafin nan ina so Merv ya san inda aka kwana."

"To ga shi can. Ƙafarka ta karye ne?"

"Ke ce matarsa."

"Tsohuwar matarsa. Kai ka sa hannu a takardar a matsayin shaida, ka manta?"

"Daidai ke nan. Ya saba jin mugun labari daga bakinki."

Su huɗu suka taso tun suna da gashi baƙi. Sun yi faifai ɗaya da ya yi ƙara, sannan duniya ta juya ta bar su a tasha. Lindsay ya koma busa a bukukuwan aure da tallan sabulu. Voula Katsaros ta shiga koya wa 'ya'yan masu hali fiyano. Noeleen ta tafi Landan da wata ƙungiyar wasan dandali, ta dawo da ciwon baya da riga mai kauri. Merv kuwa tasi ya ja har idonsa ya fara gajiya da titi. Aurensa da Noeleen ya mutu, amma ko a makon da suka rabu, Lahadi da yamma ta same su a Dunleavy, ita a hagunsa, ba sa kallon juna, kiɗan kuma bai kuskure ba.

Ranar Laraba da hantsi suka hallara a falon Voula a unguwar Northcote. Tui ta riga kowa zuwa. Doguwa ce, 'yar Auckland, shekarunta ba su kai na faifan ba. Ta gaishe su da ladabi, ta ƙi karɓar kofi, ta zauna a bayan ganguna.

"Da saurin faifai?" ta tambaya.

"Abin da ya kawo ki ke nan," in ji Lindsay.

Ta haɗa sanduna ta ƙirga. Noeleen ta ji kamar an tura ta daga saman bene. Yatsunta suka bi, da ƙyar, amma suka bi. Voula ta yi wata ashar da Girkanci ta sunkuyar da kai ta shiga. Lindsay ya ɗauki waƙar da ƙarfi, kamar saurayi, ya gama zagayen farko na busarsa shi kaɗai. A na biyu ne Noeleen ta ji abin. Dogon layin nan da yake hawa sama ya tsinke a tsakiya. Ya sake kamawa, ya sake tsinkewa. Ta jira gangar ta ɗan sassauta kamar kullum. Gangar ba ta san da wannan zance ba. Tui ta ci gaba da tafiya sak, kiɗan ya wuce ya bar Lindsay a baya yana haki.

Ya ɗaga hannu, suka tsaya.

"Karan nan ne," ya ce, yana duba bakin saksofon ɗin. "Ya yi laushi."

"Kai dai ka yi laushi, tsohon banza," in ji Voula tana murza wuyan hannunta. "Ni ma yatsuna sun ce in gaishe ka."

"Abin da nake faɗa ke nan! Merv ya lalata mu. Ya saba mana da tafiyar hawainiya har mun manta gudu. Mako biyu da yarinyar nan, za ku gani."

Tui ta dubi Noeleen sau ɗaya, ta mai da idonta kan sandunanta.

Washegari Noeleen ta hau tiram, ɗan jirgin ƙasan da ke bin titin gari, zuwa unguwar Coburg. Ta tarar da Merv a rumfar bayan gidansa, inda yake ajiye tsofaffin ganguna da gwangwanayen fenti, yana ɓare lemon tsami da wuƙa.

"Kin zo da fuskar lauya," ya ce. "Rabon da in ga wannan fuskar tun da kika tafi da firij."

"Firij ɗina ne."

"Yaya yarinyar ta yi?"

Noeleen ta tsaya cak a bakin ƙofa. "Wa ya faɗa maka? Voula?"

"Ita Tui ɗin. Ta buga mini waya tun ranar Litinin. Mai ganga ba ya hawa kujerar ɗan'uwansa sai ya yi sallama. An yi mata tarbiyya, ba kamar wasu masu busa ba." Ya ajiye wuƙar. "Na ce mata ta je. Zauna mana, kin tsaya mini a kai kamar mai karɓar haraji."

Ta zauna a kan akwati. Duk maganar da ta shirya a cikin tiram ta watse.

"Merv, kana ja. Ka daɗe kana ja. Na rufa maka asiri iya iyawata."

"Ke? Kika rufa mini?"

Ya tashi. Ya zaro faifan daga kwalinsa da ya yi ja don tsufa, ya ɗora a garmaho, ya zauna a bayan ganguna. "Tiram na Ƙarshe" ya ɓarke daga lasifika, da gudunsa na ƙuruciya. Merv ya shiga.

Noeleen ta kasa kunne tana neman inda zai zame. Ta jira zagayen farko, ta jira na biyu. Sandunansa suna sauka a kan na saurayin da ke cikin faifan, daidai wa daida, har ta daina jin mutum biyu. Ko gumi bai yi ba. Da waƙar ta ƙare ya kama kugen da tafin hannu, rumfar ta yi tsit.

"To don me?" ta ce. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Kin tuna hunturun da Lindsay ya kwanta asibiti da ciwon huhu? Lahadin da ya dawo, na ji iskarsa ba ta kai ƙarshen layi. Sai na ɗan ba shi wuri. Kaɗan, yadda ba wanda zai ji. Na ce in ya murmure sai mu koma." Ya ɗage kafaɗa. "Bai murmure ba."

"Ni kuma na ji ka yi baya, na zaci hannunka ne, na bi ka."

"Ni kuma na ji kin jingina fiye da yadda na nema, na ce wayyo, bayan Noeleen ya tashi, na ƙara miki."

"Voula fa?"

"Voula ta ɗauka mu biyu ne muka tsufa. Tana tausaya mana."

Dariya ta kama su lokaci ɗaya. Merv har da buga cinya. Ta Noeleen ce ta fara yankewa.

"Shi kuwa korarka zai yi."

"Haka na ji."

"Ka faɗa masa gaskiya."

"In ce masa me? Lindsay, iskarka ta ƙare? Mutumin nan ba shi da mata, ba shi da ɗa, ba shi da kare. Ƙahon nan kaɗai gare shi."

"Kai fa? Ba ka son zuwa?"

Merv ya juya sanda a tsakanin yatsunsa.

"Ban taɓa tsallaka ruwa ba sai zuwa Tasmania, nan ma amai na yi ta yi. An ce a Tokyo akwai ɗakunan da mutane ke zama su saurari faifai, ba mai tari, ba mai neman a ƙaro masa dankali. Ina so in buga wa irin waɗannan mutane sau ɗaya kafin a sa ni a akwati."

"To saurara. Ranar Lahadi ka ƙirga shi da saurin faifai. Ni zan riƙe. Ba zan jingina ba ko da rufin zai faɗo. Ba sai kowa ya buɗe baki ba, Horiguchi yana da kunne, Lindsay ma yana da shi. A ji mai ja."

"A gaban jama'a zai faɗi, Noeleen."

"Shi a bayan idonka ya so ya kayar da kai. Ka yi mini alkawari."

Ya dube ta, irin kallon da yake mata tun suna da aure in ta fi shi gaskiya kuma bai ji daɗin hakan ba.

"Zan ƙirga," ya ce.

Lahadi ta zo da yayyafi. Dunleavy ta cika da mutanenta na kullum: tsofaffin da ke da teburinsu ba tare da an rubuta suna ba, matasa biyu-uku masu gemu, warin kifi da soyayyen dankali. Mista Horiguchi ya zauna a gaba cikin kwat mai ruwan toka, ya ɗora hannuwa a gwiwa, bai taɓa kofin da aka aje masa ba. Tui tana tsaye can baya, jingine da bango.

"Kin gaya masa?" Lindsay ya raɗa wa Noeleen yana gyara madaurin wuyansa.

"Ya sani."

"Yaya ya ɗauka?"

"Busa ƙahonka, Lindsay."

Suka fara da waƙoƙi masu sanyi. Da aka zo kan "Tiram na Ƙarshe" Lindsay ya gyaɗa wa Merv kai ba tare da ya kalle shi ba. Merv ya ɗaga sanduna ya ƙirga.

Voula ta waigo a firgice. Lindsay ma ya waigo, amma babu lokacin mamaki, kiɗan ya riga ya tashi. Noeleen ta kafa ƙafa ta fizgi tsirkiya. Rabon da ta ji ganga da bas sun kulle haka tun kafin ta tafi Landan. Wata tsohuwa a tebur na biyu ta saki ihu. Matasan suka ajiye wayoyinsu.

Lindsay ya shiga zagayensa na farko kamar wuta ta kama busasshiyar ciyawa. Ya yi kyau, Noeleen ba za ta hana shi wannan ba. Har Horiguchi ya fara kaɗa ƙafa.

Zagaye na biyu. Dogon layin ya fara hawa. Daga inda take tana ganin bayan wuyan Lindsay yana rinewa, kafaɗunsa suna ɗagawa suna neman iskar da babu ita. Sautin ya fara siriri. Ta cije leɓe ta riƙe gudun.

Sai ta ji shi. A ƙarƙashin komai, ƙafar Merv ta sauka a makare, da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Gayyata ce, ta san ta kamar yadda ta san muryarsa. Ta ƙi amsawa. Ta fizgi tsirkiyar da ƙarfi, a kan lokaci, ta juya ta zuba masa ido. Bai kalle ta ba. Idonsa na kan bayan Lindsay.

Ya sake gayyatar ta. Ta sake ƙi.

Lindsay ya tsinke, ya kama, ya yi tangaɗi a kan sautin. Saura kaɗan ya zube gaba ɗaya. A nan Merv ya daina lallashi. Ya sauke hannu a kan kuge a makare, a fili, yadda ko mai wanke kofuna zai ji. Kiɗan ya tsage gida biyu, bas a gaba, ganga a baya, fiyano a tsakiya tana neman wanda za ta bi. Ƙafar Horiguchi ta tsaya.

Noeleen ta ji tsagewar har cikin haƙoranta. Zuciyarta ta ce ta riƙe. Amma yatsun da suka shekara da shekaru suna tare ɗan'uwa ba su nemi shawararta ba. Suka jingina. Ta koma inda Merv yake, Voula ta biyo su, ɓarakar ta rufe.

A cikin filin da aka buɗe masa, Lindsay ya ja iska cikakkiya. Ya hau layin tun daga ƙasa, ya kai shi har ƙololuwa, ya riƙe shi a can yana rawa. Mashayar ta ɗauka da tafi tun kafin ya sauke.

Bayan an tashi, Horiguchi ya riƙe hannun Lindsay da hannu biyu yana sunkuyawa. Ya yabi busar, ya yabi fiyano, ya yabi bas. Da ya zo kan ganga sai ya ce Mista Tattersall mutum ne mai tarihi, kuma tafiyar tana da wahala ga jiki. Bai ƙara ba, ba a kuma buƙaci ya ƙara ba.

Lindsay ya ratso wurin Noeleen yana goge gumi, idonsa na ƙyalli.

"Kin ji da kunnenki, ko? Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, har na ji tausayinsa. Amma zagaye biyu kawai ya iya. Ni kuwa kin ji ni? Kin ji saman nan?"

Ta buɗe baki za ta faɗa masa gaskiya. Ta bayan kafaɗar Lindsay ta hango Merv a tsugune yana kwance ƙafar ganga, wadda ake takawa a buga ta. Ya ɗago ya dube ta, ya girgiza kai sau ɗaya.

"Na ji ka," ta ce.

Lindsay ya koma wurin baƙonsa. Ita ta nufi dandamali.

"Ka yi mini alkawari."

"Cewa na yi zan ƙirga. Na ƙirga."

"Da ka bar shi..."

"Da kin biyo ni tun farko, ba wanda zai ji komai." Ya faɗe shi ba da zafi ba, yana ɗaure jaka. "Shekara nawa ina yi ba a kama ni ba? Yau kika sa na yi shi da ƙarfi."

Noeleen na nan tsaye sai ga Tui ta iso, hannuwa a aljihu, ta ɗan rusuna.

"Baba Merv, a zagaye na biyu ne, ko? Inda layin yake hawa."

Merv ya dube ta daga sama har ƙasa. "Wa ya ce miki akwai wani abu a zagaye na biyu?"

"Ranar Laraba na ji. Ban san me ake yi da shi ba, sai na wuce."

"Wani lokaci tun kafin nan iskar Lindsay ke fara yankewa. In ana sanyi, ko in ya yi surutu da yawa kafin a hau." Ya dafa jakar. "Akwai sanyi a Tokyo?"

"A watan da za mu je, sosai."

Ya sake buɗe jakar da ya ɗaure, ya mai da ƙafar gangar wurinta, ya jawo kujerar ya buga samanta da tafin hannu.

"Zauna. Ba da hannu ake yi ba, hannu kowa yana ji. Da ƙafa ne. Kuma ba wuyansa za ki kalla ba, in wuya ya yi ja kin makara. Kafaɗa za ki kalla." Ya waigo. "Ke kuma, uwar taurin kai, in yarinyar ta kira ki, ki amsa."

Tui ta zauna. Merv ya tsuguna a gefenta, ya dafa takalminta da hannu yana danna shi a hankali, yana sakewa.

Noeleen ta kwantar da bas ɗinta, ta fara zura shi a rigarsa. Daga wajen kantar mashayar muryar Lindsay na tashi, yana ba Horiguchi labarin ranar da suka ɗauki faifan, yana dariya tun kafin ya kai ƙarshe. Ba ta juya ba. Ta tarar kunnenta ya riga ya bi dariyar, yana neman inda za ta yanke.